Shafin da Na Rubuta a Littafin Sidsel

Ku yi min uzuri yau, masu karatu, raina a ɓace yake, ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami. Masu turo min saƙo suna tambayar inda muka kwana da Laust, saurayin nan da Mama ta hana ni shan ruwa a kansa, ku ajiye zancensa a gefe. Ni Ditte, yau sati biyu da kwana uku ke nan ko gashina ban taje da kyau ba, balle in tsaya sauraron wani namiji.

Sidsel ce a kwance. Ƙawata tun muna gidan renon yara, wadda muka zo birnin Aarhus karatu tare, muka ci taliya ba miya tare, muka san sirrin juna har wanda bai kamata a sani ba. Sanƙarau ne ya kayar da ita. Tana ɗaki na shida a sashen kulawa ta musamman. Da aka kai ta an zura mata bututu a baki, na'ura ce ke yi mata numfashi, an kuma danne ta da maganin barci don ƙwaƙwalwarta ta huta. Wata nas ta yi mata kalba biyu don kada gashin ya cukurkuɗe. Sidsel da ta tsani kitso kamar mutuwarta! Ranar da na fara ganinta haka sai da na dafa bango.

Bari in fara da laifina, tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ranar Alhamis ɗin da abin ya fara, da ƙarfe uku na rana ta turo min: “Kaina kamar zai tsage, wuyana ya ƙi juyawa.” Ina tsakiyar canza wa yara kaya a wurin aiki, na amsa da hannu ɗaya: “Ki sha farasitamol biyu ki kwanta, raguwa kawai.” Har da fuskar dariya na ƙara. Washegari da safe aka tsince ta a ƙasan banɗaki ba ta san inda kanta yake ba. Wannan saƙon nawa ina ganinsa ko na rufe ido.

Wanda ya tsince ta kuwa Esben ne, kuma a nan masifar take.

Esben dogo ne, mai tattausar murya, irin mazan da ke tashi su wanke kwanuka a gidan surukai ba tare da an roƙe su ba. Shekara huɗu suna zaune gida ɗaya da Sidsel. Bodil, mahaifiyarta, in tana zancensa har wani lumshe ido take. Abin da Bodil ba ta sani ba shi ne, a watan Fabrairu, ana tsananin sanyi, wannan mai tattausar muryar ya kulle 'yarta a baranda sama da awa guda, daga ita sai riga da safa, don kawai ya ga ta yi dariya da wani abokin aikinta a waya. Da ya buɗe, gidana ta taho a ƙafa da takalmin roba, leɓenta ya yi shuɗi. Ni na dafa mata shayi, ni na sa mata ƙafafu a ruwan ɗumi. Cikin satin ta kore shi, ya koma kwana a kujerar wani abokinsa.

Amma ta sa na yi mata rantsuwa. Bodil za ta cika shekara sittin a watan Mayu, an kama ɗakin taro, an tsara wa zai zauna kusa da wa, har an buga waƙoƙin da za a rera mata, sunan Esben na cikin baiti na uku. “Kada in ɓata wa Mama ranarta,” in ji Sidsel. “Bari a ci a sha a ɗaga tutar biki, washegari in faɗa mata.” Shi kuma gogan bai cire sunansa daga adireshin gidan ba, wai sai ya samu ɗaki. Makulli ma bai mayar ba. Da shi ya buɗe ƙofa ranar Juma'ar, ya zo ɗaukar takalman gudunsa, ya gan ta a ƙasa.

To da aka kai ta asibiti aka duba, wa ke zaune gida ɗaya da ita? Esben. Wa ya kawo ta? Esben. Aka rubuta shi a matsayin makusancinta, shi likita zai fara kira, shi ake faɗa wa komai. Ni in na buga waya sai a ce min cikin ladabi, “Ki yi haƙuri, ba ma ba da bayani sai ga makusanci, ki tambaye shi.” In tambayi Esben lafiyar Sidsel! Kai, duniya.

Duk da haka na danne. Na ce ai rantsuwa na yi, in ta farka ta kore shi da bakinta. Abin da ya hana ni ci gaba da dannewa littafin nan ne.

A kan ɗan teburin da ke gefen gadonta akwai littafi mai koren bango, da biro ɗaure da zare. Gunvor, nas ɗin da ta fi kula da ita, wata dattijuwa mai gajeren farin gashi da ba ta san wasa ba, ita ta yi min bayani tun ranar farko.

“Ma'aikatan jinya suna rubutawa, dangi suna rubutawa, ke ma ki rubuta. Ki sa kwanan wata, ki sa sunanki. Wanda ya daɗe a nan in ya farka akwai rami a kansa, bai san abin da ya faru ba, wani ma mafarkinsa yake ɗauka gaskiya. Da wannan suke cike ramin. Abin da suka karanta shi suke riƙewa.”

“Ko me mutum ya rubuta?”

“Littafinta ne. Ba a gogewa, ba a yage shafi.”

Ni dai abin da nake rubutawa bai wuce “yau an yi ruwa, na shayar da furanninki, kyanwar maƙwabta ta haihu” ba. Ranar Laraba, kwana na goma sha biyu, na taso daga aiki na jingine kekena, na cire rigar ruwa, na wanke hannu, na shiga. Ba kowa sai ƙarar na'urori. Na buɗe littafin in rubuta, idona ya faɗa kan rubutun Esben, shafi biyu cur, da wannan tsararren rubutun nasa kamar na ɗan makarantar da ke neman yabo.

“Masoyiyata, kin tuna ranar Lahadin ƙarshe kafin ki kwanta, da muka je bakin teku na durƙusa kika ce kin yarda? Zoben yana aljihuna, Gunvor ta ce yatsunki sun kumbura ba za a sa miki ba. Ki tashi ki karɓi abinki.”

Ranar Lahadin da yake faɗa, Sidsel tana gidana muna fentin kicin, har ta ɓata sabon wandonta da ruwan ɗorawa. Na karanta sau biyu, kunnuwana suka ɗau zafi. Na juya baya, ashe ba yau ya fara ba. Hutun da ba su je ba, sunan da wai suka zaɓa wa ɗansu na fari, duk ya jera. Ƙasan wani shafi kuma Bodil ta rubuta: “'Yata, me ya sa kika ɓoye min wannan abin farin ciki?”

A ɗakin jiran dangi na same shi, yana zuba wa Bodil kofi, sanye da suwaitar da ita ta saƙa masa da Kirsimeti. Na ce ya zo ina son magana da shi. Ya biyo ni har bakin tagar da ke ƙarshen barandar asibitin yana murmushi.

“Wane bakin teku?” na ce.

“Ditte, kin ci abinci kuwa? Kin rame.”

“Kada ka raina min hankali. Wace Lahadi? Wane zobe? Yarinyar da ta zuba maka kaya a buhun shara?”

“Saɓani muka samu. Kowa yana samu.”

“Saɓani? Kulle mutum a sanyi shi ne saɓani? Kai ko kunyar Allah ba ka ji, mutum na kwance bai san inda kansa yake ba kana rubuta masa rayuwar ƙarya?”

Murmushin bai bar fuskarsa ba, muryar ce kawai ta ƙara yin ƙasa.

“Da ban shiga gidan nan ba, da yanzu furanni kike kai mata makabarta. Likita ya ce awa biyu suka rage. Wayarta tana hannuna, Ditte, na ga abin da kika ce mata. Farasitamol biyu, ko? Bodil ba ta gani ba tukuna.”

Wallahi ji na yi kamar ya watsa min ruwan ƙanƙara. Abin haushin, gaskiya ya faɗa, shi ya cece ta. Ya dafa kafaɗata ya koma wurin kofinsa.

Da ƙarfe huɗu likita ya kira dangi. Bodil ta kama hannuna ta ce, “Ditte ma 'yata ce,” shi ya sa na samu shiga. Likitan, Mogens, mutum ne da ba ya kwana-kwana. Ya ajiye tabarau ya ce ƙwayar cutar ta mutu, gobe za su fara rage maganin barci su ga abin da ta bari.

Bodil ta ce, “Ka faɗa min da lissafi, Mogens. Ba na son lallashi.”

“In mutum goma suka kai inda ta kai, kamar bakwai sukan farka. Cikin bakwai ɗin, wasu sukan koma kamar da, wasu kuma sun rasa wani abu. Ba zan iya ce miki wacce ce 'yarki ba, sai ta buɗe ido.”

“Za ta gane mu?”

“Ina sa rai. Amma kada ku yi mamaki in watannin baya-bayan nan sun goge. Kada ku matsa mata. Ku bar ta ta karanta littafinta a hankali.”

Na kalli Esben. Ya sunkuyar da kai yana gyaɗawa kamar mai jin huɗuba. Sai Bodil ta share hawaye ta ce ita ta riga ta yi magana da faston asibitin, wata mata. In Sidsel ta farka ta iya cewa “na yarda”, a ɗaura musu aure a nan bakin gado, ba sai an jira komai ba. “Na binne mahaifinta bai ga wannan ranar ba,” ta ce. “Ba zan sake jira ba.”

Na fita banɗaki na kulle ƙofa, na rubuta wa Mama komai. Ga amsar da uwar da ta haife ni ta turo:

“Ditte, ba a shiga tsakanin harshe da haƙori. Matar nan tana cikin tashin hankali, kada ki ƙara mata.”

“Mama, ƙarya yake rubuta mata!”

“Wataƙila sun shirya ba ki sani ba. Ke dai ki kai fure ki yi shiru. Kuma Laust ya ce min kwana biyar ba ki amsa masa ba, ranar Lahadi na gayyace shi cin abinci, ki sa shuɗiyar rigar nan.”

Shuɗiyar riga! Ƙawata na tsakanin rai da mutuwa, ana shirin miƙa ta ga wanda ta gudu daga hannunsa, uwata na zancen riga. Mu haka muke a ƙasar nan, gara gida ya ƙone da a ɗaga murya a teburin cin abinci. Shirun nan ne ya sa Sidsel ta ɓoye, shirun nan ne ya ba Esben kujera a gefen gadonta, yanzu kuma ni ma ana so in saka nawa a kai.

Na koma ɗaki na shida. Bodil da Esben sun sauka sayen abinci, Gunvor ce kawai tana duba ƙarin ruwa. Na ja kujera na ɗauki biron.

“Sidsel, ni ce Ditte, Laraba, ƙarfe biyar da kwata. Na karya rantsuwar da na yi miki, in kin tashi ki zage ni. Ba ki yi alkawarin aure da kowa ba. Kin rabu da Esben tun sha ɗaya ga Fabrairu, bayan ya kulle ki a baranda kika zo gidana da safa jiƙe. Ke kika ce kada in faɗa wa Bodil sai bayan bikinta. Lahadin da ya ce kun je bakin teku, kina gidana kina fenti. Ni ma ina da nawa laifin: kin ce min wuyanki ya ƙage, na ce ki sha magani ki kwanta. Shi ya tsince ki, wannan gaskiya ne, ki gode masa. Amma godiya daban, aure daban. Ki tashi, don Allah ki tashi, ko don ki ci mutuncina.”

Na sa hannu. Gunvor ta leƙo ta saman kafaɗata, na san ta karanta, don na ga bakinta ya motsa. Ta gyara wa Sidsel matashi, ta ce min, “Ki mayar da biron inda yake.”

Washegari na zo da baƙin burodi da cuku na kawo wa Bodil, don na lura ba ta cin abincin kirki. A bakin ƙofar sashen na same ta tsaye, ta sa jan-baki, ta ɗaure gashi tsaf. Da na ga haka na san ta karanta.

“Bodil, ki bari in yi miki bayani.”

“Na gode da duk zuwan da kika yi, Ditte.”

“Ina da saƙonninta, ki duba da idonki.”

“'Yata na kwance, kin rasa inda za ki zubar da wannan sai a littafinta? Yaron da bai koma gida ya yi barcin kirki ba kwana goma sha uku? Kuma ashe ta faɗa miki ba ta da lafiya.” Sannan ta ce, “Mun yi magana da ma'aikatan jinya. Daga yau dangi kawai.”

Ko tsawa ba ta yi min ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta karɓi burodin ma, ta ce na gode, ƙofar ta rufe. Ta gilashi na hango Esben zaune a kujerata.

Kwana huɗu na yi ba labari. Na buga wa sashen, “ki tambayi makusanci.” Na tura wa Bodil saƙo tara, tana buɗewa ba ta amsawa. Kullum in na tashi aiki sai in tuƙa keke in je in tsaya a wurin ajiye motoci ina ƙirga tagogin hawa na uku kamar mahaukaciya, ban ma san wacce ce tata ba. Ranar Lahadi Laust ya ci girkin Mama shi kaɗai, ban je ba. Ina zaune a kicin ɗin da muka yi wa fenti, ina kallon inda ta bari bai ji ba a bayan firiji, ina tunanin ko tana cikin bakwai ko tana cikin uku. Na yi kuka, na yi zagi, na fasa kofi guda da gangan.

Yau da rana, ina zuba wa yara madara, wayata ta yi ƙara. Bodil. Na bar kwalin a hannun abokiyar aikina na fita tsakar gida ba ko riga mai kauri.

“Ta farka,” ta ce.

Na zauna a kan lilon yara. “Yaushe? Yanzu? Ta yi magana?”

“Tun Juma'a. Asabar aka cire mata bututun.”

“Tun Juma'a? Bodil, kwana uku! Kwana uku ina nan ina jiran a ce min ta mutu, ba wanda ya iya turo min kalma ɗaya?”

Ta ce, “Ba ta ji, Ditte. Kunnuwan duka biyu. Mogens ya ce sai an yi gwaji, wataƙila a yi mata aiki daga baya. Komai sai an rubuta mata. Ta gane ni, ta gane shi. Abin da take tunawa na ƙarshe daren Kirsimeti ne, muna zagaya bishiya muna waƙa.”

Kirsimeti. Wata biyu kafin baranda.

“Littafin fa?” na ce.

“Jiya ta nuna shi da hannu. Esben ya ce a jira ta ƙara ƙarfi, Gunvor ta ɗauka ta miƙa mata. Ta karanta duka, kaɗan-kaɗan, har naki. Ta daɗe a kan naki.”

“Me ta ce?”

“Muryarta ba ta fita sosai, biro ta nema. Ita ta ce in kira ki in karanta miki, shi ya sa na kira.” Na ji ƙarar takarda. Bodil ta gyara murya ta karanta a hankali, kalma-kalma: “Mama, kada ki yi fushi da Ditte. Tun farko ba ta son sa, kuma ta tsorata ne. Ki ce mata na yafe mata.”

Yara na ta ihu a bayana suna rigima a kan shebur ɗin yashi.

“Kin ji dai,” in ji Bodil. “Ta fi ni zuciya mai kyau. Fasto za ta zo ta gan su ranar Asabar. In kin yarda za ki rubuta mata cewa kuskure kika yi, sai a bar ki ki shigo.”

Ta kashe wayar.

Jama'a, kun ji fa. Ni aka yafe wa. Ni da na riƙe mata ƙafafu a ruwan ɗumi tana kuka tana cewa kada in taɓa bari ta koma, ni ce yau mai neman gafara, kuma kuɗin shiga wurinta shi ne in ɗauki biro in ce ƙarya na yi. Na koma ciki na ce wa shugabarmu ba ni da lafiya, na ɗauki rigata da makullin keke. Yau Litinin. Ƙofar nan in ba su buɗe min ba kafin Asabar, to su tanadi wanda zai ɗauke ni daga bakinta.